Jirgin Rimot Mai Kaɗa Wutsiya: Ina Ciwon Yake?

Wannan filinmu ne na kimiyya da sana'ar hannu. Ina gaida mutanen cikin garin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru. Ina gaida na Tsafe, da na Bunguɗu da Kwatarkwashi, da duk inda muryar nan ta kai.

Yau maganar jirgi za mu yi, amma ba irin wanda ake shiga ba. Ƙaramin jirgi ne mai saukar ungulu, mai aiki da batir, wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Na san wani dattijo zai ce, "Haba Malam, duk abin da ya dame mu a Zamfara ka rasa na tattaunawa sai kayan wasan yara?" Baba, a yi mini haƙuri a saurara. Matasanmu suna sayen jiragen nan, wasu ta intanet, wasu kuma 'yan'uwa ke kawo musu tsaraba daga Kano ko Abuja. Kuma kukan da suke yi kusan ɗaya ne: jirgi ya tashi lafiya, amma wutsiya ta ƙi zama wuri ɗaya, sai kaɗawa take yi dama da hagu. Mai shi ya murɗa nan ya murɗa can, daga ƙarshe ya fusata ya jefa shi saman sif. Kuɗi sun tafi, kuma bai ƙaru da komai ba. Rashin ƙaruwar nan ya fi ba ni takaici a kan asarar kuɗin.

Mu fara da amfanin wutsiyar. Idan inji ya juya babbar farfelar da ke sama zuwa gefe ɗaya, gangar jikin jirgin takan nemi juyawa ɗaya gefen. Ƙa'ida ce da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. In ba a tare ba, jirgin zai yi ta wulwulawa a kan kansa har ya faɗo. 'Yar ƙaramar farfelar da ke ƙarshen wutsiya ita ke tura iska gefe ta riƙe shi. Igor Sikorsky ne ya tabbatar da ingancin wannan tsari a Amurka, da jirginsa VS-300 wanda ya fara ɗagawa a watan Satumbar 1939. Na rimot kuwa sai wajen 1970 wani Bajamushe, Dieter Schlüter, ya yi nasarar haɗa wanda ke tuƙuwa yadda ya kamata, har aka shiga sayar da irinsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin da ke neman juya jikin jirgin ba ya zama daidai ko na daƙiƙa ɗaya. Ka ƙara wuta, ya ƙaru. Ka rage, ya ragu. Iska ta bugo daga gefe, lissafi ya sake. A jirgin da bai wuce tsawon hannu ba, abin yana faruwa da saurin da babban yatsan ɗan Adam ba zai iya bi ba. Shi ya sa aka sa masa wata 'yar na'ura da ake kira jairo. Aikinta ta ji duk wata juyawar da ba kai ka ba da umarninta ba, ta gyara kafin ma idonka ya gani.

Ku saurari yadda saƙon ke tafiya, domin duk maganarmu ta yau a nan ta rataya. Jairo ya ji wutsiya ta goce hagu. Ya aika wa sarbo, wato ƙaramin injin da ke tura sanda. Sarbo ya tura siririyar sandar da ta bi jikin wutsiya. Sandar ta zame wani ɗan ƙarfe a kan shaf ɗin baya. Shi kuma ya karkata fukafukan ƙaramar farfela, suka ƙara cizon iska, wutsiya ta dawo. Jairo ya sake ji, ya sake aikawa. Haka abin ke zagayawa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Idan gyaran ya yi yawa, wutsiya takan wuce inda ake so, sai a sake jawo ta, ta sake wucewa ta ɗaya gefen. Haka nan idan gyaran ya makara a hanya: kafin ya iso, wutsiyar ta riga ta bar wurin. Kaɗawar ke nan.

Duk mai janareta a gidansa ya san wannan ciwo. Akwai lokacin da za ka ji injin yana hawa yana sauka, ƙwan lantarki yana haske yana dushewa, alhali ba ka ƙara masa kaya ba. Gwamnan injin, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, shi ne ke buɗe mai ya wuce kima, ya rufe ya wuce kima. Bakanike mai hankali ba ya fara taɓa sukurun gwamna. Yakan duba ko kafireto ya toshe, ko sifirin ya saki, ko ƙarfen haɗin ya ci. James Clerk Maxwell ya yi rubutu a kan lissafin wannan hawa da sauka tun 1868, a zamanin injin tururi, kuma har gobe ana koyar da shi a darussan injiniya. Yaron da ya gyara wutsiyar jirginsa da fahimta ya taɓa wannan ilimi da hannunsa tun bai shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan ƙaramin jirgin rimot mai kaɗa wutsiya.

Ƙanina, kafin ka ɗauki sukundireba, tsaya ka kalli irin kaɗawar. Idan mai sauri ce, ƙanana-ƙanana, har kana jin sautin farfelar baya yana rawa, galibi jairo ne ke gyara fiye da kima. Idan a hankali take lilo, ta tafi ta dawo cikin kasala, to akwai abin da ke cijewa ko ya yi sako-sako a hanyar saƙon, ko kuma sarbo ba shi da sauri. Idan kuwa jirgi yana tsaye lafiya sai wutsiya ta yi firgigit ta fizga sau ɗaya, wannan ciwo ne daban, za mu zo kansa. Akwai kuma wanda ba ya kaɗawa sai ka ba shi wuta zai hau sama. Shi kuma ka tuhumi batir ko bel ɗin da ke juya farfelar baya. Wanda da ɗagawa sai ya kama wulwulawa da ƙarfi, ba kaɗa wutsiya yake ba, an saita jairo a juye ne, yana ƙara ɓarnar da aka sa shi ya gyara. Sauke shi nan take ka juya saitin.

Abin da kowa ke yi da ganin kaɗawa shi ne ya ruga rimot ya rage lambar da ake kira gen, wato yawan ƙarfin da jairo ke mayar da martani da shi. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma ɓoye ciwon kawai aka yi: kaɗawa ta lafa, amma wutsiya ta zama ragguwa, iska kaɗan ta juya jirgin ya fuskance ka, hagunka ta zama damarsa, ka rikice, sai ƙasa. A ganina gen shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Ƙarfe da roba ake fara dubawa.

Cire batir tukuna. In aikin na buƙatar wuta, to ka cire wayoyin babban inji ko ka kwance manyan fukafukai. Jirgi irin T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan, babbar farfelarsa takan juya kusan sau 3,000 a minti ɗaya, ta baya kuma ta ninka haka sau 4 da ɗoriya. Abin da ke gudu haka ba ya tambayar ko yatsa ne ko ido.

Yanzu ɓalle sandar daga jikin sarbo, ka riƙe ta da yatsu biyu, ka tura gaba ka ja baya. Ya kamata ta tafi sumul daga farko har ƙarshe. In ka ji ta ɗan tsaya a wani wuri sai ka ƙara ƙarfi sannan ta wuce, ka kama ɓarawon. Sarbo ma haka yake fama: ya tura, abu ya cije, jairo ya ƙara matsa masa, abu ya kuɓuce ya wuce gona da iri. Bi sandar da ido. 'Yan zobban robar da ke riƙe ta a jikin wutsiya, sun yi layi ɗaya ko wani ya karkace? Sannan duba ɗan ƙarfen da ke zamewa a kan shaf. A garuruwan nan namu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu mai laushi tana shiga ko'ina. Mai jirgi ya ga abu ya bushe, ya ɗiga masa baƙin mai ko ya shafa giris, ƙura ta bi man ta zauna, kwana kaɗan ta zama baƙar laka mai danƙo. Goge shaf ɗin da tsumma da ɗan sifirit har ya yi ƙyalli. In za ka sa mai, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, shi ma ka share rarar.

Bayan cijewa sai sako-sako. Mayar da sandar, ka sa wuta sarbo ya riƙe, sannan ka kama fiffiken baya ɗaya ka gwada karkata shi a hankali. In yana motsi alhali hannun sarbo bai motsa ba, akwai inda ya ci: ko 'yan kofunan robar da ke kama ƙwallayen haɗi sun buɗe, ko haƙoran giyar cikin sarbo sun gutsure tun faɗuwar da jirgin ya yi kwanaki, ko maƙalin sarbon yana zamewa a jikin wutsiya. Wannan ɗan wasan da kake gani bai kai kaurin farce ba, amma a wurin jairo jinkiri ne babba. Abin da ya ci, canja shi ake yi.

Hannun sarbo yana da 'yan huji a jere. In aka ɗaura ƙwallon haɗi a hujin da ya fi nisa da tsakiya, motsi kaɗan na sarbo yakan zama babban motsi a farfela, kamar an ƙara gen ne ta bayan gida. Matso da shi huji ɗaya ciki, sau da yawa kaɗawa mai sauri takan mutu a nan. Kuma wutsiya tana son sarbo mai sauri, wanda aka yi dominta. Amma a yi hattara da saiti. Jairo irin GY401 na Futaba yana da ɗan makunni na sarbon dijital. Ka kunna shi a kan sarbo na gama-gari, zai yi zafi ya ƙone. Haka kuma sarbon wutsiya iri biyu ne, akwai mai lamba 1520, akwai mai 760, kuma dole abin da ka zaɓa a jairo ya dace da abin da ke rubuce a kwalin sarbo.

Sai jijjiga, wadda ita ce ta fi wahalar da mutane domin ba a ganinta sai an lura. Jairo ba ya bambanta juyawar gaske da karkarwar jiki. In jirgi na karkarwa, ƙarya yake ji, kuma a kan ƙaryar zai yi aiki. Ɗaga jirgin kaɗan ka kalli farantin da ke tsaye a ƙarshen wutsiya. In gefensa ya yi dishi-dishi a idonka, akwai jijjiga. Shaf ɗin baya siriri ne ƙwarai, taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Cire shi ka mirgina a kan madubi. Miƙaƙƙe yakan tafi shiru, lanƙwasasshe kuwa za ka ji yana ɗingishi. Duba fukafukan ko ɗaya ya gutsure, ka juya boris da yatsa ka ji ko akwai yashi a ciki.

Shi kansa jairo a kan wani ɗan soso mai gam fuska biyu ake zaunar da shi, kuma soson nan ba ado ba ne, shi ke shanye jijjiga. Zafin Maris da Afrilu a Gusau, lokacin da awon zafi ke kai digiri 40, yana narkar da gam ɗin, jairo ya dinga lilo a mazauninsa. A nan nake roƙon 'yan'uwana masu gyaran waya, domin wurinku ake fara kawo jiragen nan: don Allah a ajiye sufa gulu. Na san shi ne maganin komai a kan teburinku, amma in kuka manne jairo da shi, ko kuka ɗaure shi tamau da roba, duk karkarwar jirgin za ta shiga cikinsa kai tsaye. A goge wurin, a sa sabon soso, a kuma bar wayarsa da ɗan sassauci, kada a ja ta ta miƙe.

Masu jirgin da bel ke juya farfelar bayansa, ku matso kusa da rediyo. Bututun wutsiya na alminiyom ne, yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, bel kuwa bai cika bin sa ba. Ɗaurin da ka yi da la'asar a bazara ba shi za ka tarar ba da sanyin asubar Janairu. Bel mai sako-sako yakan tsallake haƙora in ka ba da wuta, mai tsauri kuma ya wahalar da boris ya cinye batir. Danna shi da yatsa kafin kowane tashi. Sannan ga fizgar nan da na ce za mu zo kanta. Kun san yadda mayafi ko bargo ke tartsatsi da dare a hunturu. Bel ɗin roba da ke gudu cikin busasshiyar iska haka yake tara wuta, in ta taru ta yi tsalle zuwa jikin jirgi, na'urorin su rikice na ɗan lokaci, wutsiya ta fizga. Maganinsa a haɗa 'yar waya daga bututun wutsiya zuwa mazaunin inji, a kuma ɗan fesa wa bel man silikon. In jirginka lafiya lau yake da damina sai hunturu ya fara wannan hali, kada ka ɓata kuɗi sayen sabon jairo.

Batir kuma gajeren zance ne. Mai ɗaki 3 yakan nuna bolt 12.6 in ya cika. In ya tsufa, da ka ba shi kaya sai ya zube, gudun farfela ya ragu. Gudu ya ragu da kashi 10 cikin 100, turin farfelar baya yakan ragu da kusan kashi 20. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi, kada a bar shi a rana, kada kuma a sa shi caji a tafi masallaci.

Sai an gama duk wannan ake zuwa kan gen. Kunna rimot tukuna, sannan ka haɗa batir, ka bar jirgin a ƙasa ba motsi na 'yan daƙiƙoƙi, domin a lokacin ne jairo ke gane mene ne tsayuwa. In daga ɗaki mai sanyi ka fito da shi, ba shi 'yan mintoci ya saba da zafin waje. Tsaya a bayansa da 'yar tazara, ka ɗaga shi ya wuce ƙugu, don kusa da ƙasa iskarsa na dawo masa. Ƙara gen kaɗan-kaɗan, kana saukewa kana gwadawa, har kaɗawa ta soma. Daga nan ka koma baya da lamba 3 zuwa 5. A wasu rimot ɗin akwai tarko: daga 50 zuwa sama jairo yana riƙe alƙibla, ƙasa da 50 kuma ya koma wani tsarin da ke rage juyawa kawai. Mutum ya yi ta ragewa har ya faɗa ɗaya tsarin bai sani ba. Karanta takardar da ta zo da naka. Kuma abu ɗaya ake canjawa a gwada, a rubuta a littafi. Wanda ya canja abu uku lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba. Wurin gwaji ma a zaɓa. Gindin duwatsun Kwatarkwashi ko na Tsafe iska kan yi juyi, za ta sa ka zargi jirgin da ba shi da laifi. Fili sarari da sassafe ya fi.

Yawancin jiragen da ke hannun yaranmu ma ba su kai girman T-Rex 450 ba. Irin su WLtoys V911, ba bel ba sanda, ɗan ƙaramin inji ne a ƙarshen wutsiya yake juya farfelar. Injin nan yana da burushi a ciki, kuma cinyewa yake yi. In ya fara gajiya sai wutsiya ta kama lilo. Duba ko zare ko gashi ya naɗe a shaf, ko farfelar na zamewa, ko sandar wutsiya ta tsage tana murɗewa, ko siririyar wayar ta kusa tsinkewa a wurin dalma. In duk lafiya, canja injin, ba shi da tsada. Shi kuwa Syma S107 mai farfela biyu a sama, wata kan wata, na cikin ɗaki ne. Da hasken infrared yake jin rimot, rana tana makantar da shi.

Akwai maganar da ba zan rufe filin nan ban yi ta ba. A watan Maris na 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe, Gwamnatin Tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a sararin Zamfara. Tun 2016 kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kai ka san naka na wasa ne, amma jami'in da ke shingen bincike a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa bai sani ba, mutanen ƙauyen da suka ga abu yana shawagi a kansu su ma ba su sani ba. Kada a tashe shi kusa da bariki, ko shinge, ko gidan gwamnati, ko kasuwa. Kada a ɗaura masa kyamara. Ƙanana a tsaya da su cikin gida ko zauren makaranta. Babba kuwa, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin a fita da shi, in suka ce a'a, a haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Iyaye, ku kuma ga nawa roƙon. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, labarinsa ya zagaya duniya. Irinsa suna nan a Bunguɗu da Tsafe, maza da mata, har da 'yan matanmu na kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya da ke nan Gusau. In kun ga yaro ya baje 'yan sukurori a kan tabarma yana mirgina ƙarfe a kan madubi, kada a kore shi da cewa ɓata lokaci yake yi. A saya masa littafin rubutu da ƙaramar sukundireba, a kuma tabbatar ya cire batir kafin ya sa hannu.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya gwada abin da muka faɗa, ya aiko mana da irin kaɗawar da ya gani, da abin da ya canja, da abin da ya biyo baya, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.